Wanda ya tashi daga sankarar huhu, a kiyaye shi da faɗuwa



Hirarmu ta yau a kan lafiyar jiki take. Za mu yi magana a kan mutumin da ya yi ciwon sankarar huhu, aka yi masa magani, ya samu sauƙi, ya komo gida. Za mu riƙa cewa "shi", amma maganar ta shafi mace kamar yadda ta shafi namiji.

Sankara ita ce wasu ke kira ciwon daji, wasu kuma su ce kansa. Idan ta kama huhu, wani ƙari ne ke tsirowa a cikinsa, yana girma, yana toshe hanyar iska. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙidaya cewa a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 2 da rabi suka kamu da ita a duniya, kuma wajen miliyan 1 da dubu 800 suka rasu. Babban abin da ke kawo ta shi ne shan taba. Cikin mutum 100 masu wannan ciwo, wajen 85 taba ce sanadi.

Ciwo ne mai tsanani, ba mu ɓoye muku ba. Amma ana tashi daga gare shi, musamman in an gane shi da wuri. Wani a yi masa aiki, a yanke sashen huhun da ya lalace. Wani a sa masa magani mai ƙarfi ta jijiya, wanda ma'aikatan likita ke kira shimiyo. Wani a ƙone ƙarin da hasken wata na'ura. A nan Nijar, cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara da ke Yamai ta fara aiki da irin wannan na'ura a shekarar 2021.

To, mutum ya sha wannan wahala duka. An kawo shi gida, ko Maraɗi, ko Tawa, ko Damagaram, ko wani ƙauye. Dangi da maƙwabta suna ta zuwa barka da arziki. Kowa na tambayar tari, kowa na tambayar ƙirji. Ba mai tambayar ƙafafu. Alhali kuwa haɗarin da ya fi kusa da shi a wannan lokaci yana nan tsakanin gadonsa da makewayi.

Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce

Yaro ya faɗi sau 10 a yini, ya tashi ya kaɗe ƙura. Shi ya sa muke raina faɗuwa. Amma OMS ta ce kowace shekara mutum wajen dubu 684 ke mutuwa a duniya saboda faɗuwa. In aka cire haɗarin hanya, babu tsautsayin da ya fi ta kisa. Waɗanda suka wuce shekara 60 su suka fi mutuwa da ita. Cikin tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama, wajen 1 cikin 3 yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Sankarar huhu kuwa ta fi kama manya. Ke nan mutuminmu tun farko yana cikin waɗanda ake ji wa tsoro, sannan ciwo da magani suka ƙara masa.

Ga wanda huhunsa ya taɓu, faɗuwa tana da wani sharri na dabam. Ku duba yadda abin ke tafiya. Ya faɗi, ƙashin kwatangwalo ya karye, ko haƙarƙari ya tsage. Dole ya kwanta. Wanda ke kwance ba ya jan lumfashi sosai. Wanda haƙarƙarinsa ke ciwo tsoron tari yake yi. Sai majina ta taru a ƙirji, ta zama gidan ƙwayoyin cuta, zazzaɓi ya rufe shi. Mai cikakken huhu ma yana wahala da wannan, balle wanda aka yanke wa wani sashe. In kuma da sauran magani da za a koma Yamai a karɓa, karaya ta tsai da tafiyar.

Duwatsun murhu uku

Me ke riƙe mutum a tsaye? Mun saba da abin har ba mu tunaninsa. Tukunya tana zama a kan duwatsu uku. Mutum ma abu uku ne ke gaya wa ƙwaƙwalwarsa yadda yake tsaye.

Akwai ido, mai ganin hanya. Akwai wani ɗan wuri can cikin kunne, mai ruwa a ciki, wanda ke gane in kai ya karkata. Sannan akwai tafin ƙafa. Tafin ƙafa cike yake da ƙananan jijiyoyi na ji. Su ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa nan rairayi ne, nan dutse ne, nan gangare ne. Ƙwaƙwalwa ta haɗa labarin ukun nan, ta ba naman ƙafa umurni, shi kuma ya gyara tsayuwa tun mutum bai sani ba.

Maganin shimiyo yana kashe sankara, amma yakan taɓa waɗannan jijiyoyi. Daga cikin magungunan da ake ba mai sankarar huhu akwai sisfilatin, da karbofilatin, da fakilitaksel. Ba sai kun riƙe sunayen ba, suna rubuce a takardarsa ta asibiti. Abin da za ku riƙe shi ne alamar. Ƴan yatsun ƙafa su ke fara mutuwa. Wani ya ce kamar tururuwa ke yawo a ƙafarsa. Wani ya ce kamar ana soka masa allura. Wani ya ce kamar a kan auduga yake tafiya. Takalmi ya fita daga ƙafarsa, ya yi gaba bai ji ba. Sisfilatin kuma yakan taɓa kunne, mutum ya riƙa jin ƙara, ko jinsa ya ragu, wani har da jiri.

Kada ku ce da an gama magani abin zai wuce. Ga wasu yana wucewa cikin watanni. Ga wasu yana daɗewa. A Amurka, a shekarar 2017, an buga sakamakon wani bincike a kan mata 512 da suka sha shimiyo saboda sankara iri dabam dabam. Bayan wajen shekara 6 da gama magani, kusan rabinsu suna jin wannan mutuwar ƙafa. Kuma masu jin ta sun fi sauran faɗuwa kusan ninki biyu. Wanda ke da ciwon sukari, abin ya fi yi masa yawa, don sukari ma yana cin jijiyoyin nan.

Yanzu ku lissafa. Dutse ɗaya, wato ƙafa, ya raunana. Wataƙila na biyu ma, wato kunne. Da rana mutum yana rufa wa kansa asiri da ido, yana kallon inda zai taka. Da dare fa? Ido ma ya tafi. Tukunya ta rage a kan dutse ɗaya ko babu. Wannan shi ya sa dare ya fi rana haɗari ga irin wannan mutum.

Ban da wannan akwai haki. Huhun dama kashi 3 ne, na hagu kashi 2. In an cire kashi ɗaya, saura suna ɗaukar aikin, amma sai a hankali. Da yawa cikin masu ciwon nan kuma taba ta riga ta gajiyar da huhunsu tun da daɗewa. Shimiyo yana rage jini, jini kuwa shi ke kai iska ga naman jiki da ƙwaƙwalwa. Mutum ya yi ƴar tafiya, lumfashi ya sarƙe, ido ya yi duhu, gwiwa ta yi sanyi. Mai haki yakan yi gaggawa don ya kai wurin zama. Gaggawar nan ce ke kada shi.

Sai magungunan da ya komo da su cikin leda. Maganin ciwo mai ƙarfi, irin su morfin da taramadol, wanda kuka sani da sunan tiramol, yana kawo jiri da gyangyaɗi. Maganin barci ma haka. Akwai wasu ƙwayoyi na rage kumburi, irin su deksametazon da firednizon. In aka daɗe ana shan su, suna cinye naman cinya, suna rage ƙarfin ƙashi. Ga kuma wani abu da ake mantawa. Mutum yana shan maganin hawan jini tun yana da ƙiba. Yanzu ya rame, ya zubar da kilo 10 ko fiye, amma yana nan yana shan adadin da. Maganin zai iya yi masa yawa, jininsa ya sauka fiye da kima. Ba mu ce ku tsai da kowane magani da kanku ba. Wasu in aka yanke su farat ɗaya, cuta suke yi. Lokotoro ne zai duba ya rage ko ya canza. Amma na bakin kasuwa da na ƴan tebur, wanda ba a rubuta masa ba, wannan kam a bar shi.

"Kwanta ka huta"

Nan ne ya kamata ku buɗe kunne sosai, don kuskuren da ake yi a nan da kyakkyawar niyya ake yin sa.

Mai gida ya komo daga asibiti, kowa na tausayinsa. Ya miƙe zai ɗauki buta, ɗa ya ce, "Baba, zauna, bari in kawo maka." Zai leƙa ƙofar gida, uwargida ta ce, "Malam, kwanta ka huta, kada ka faɗi." Abinci a kawo masa a shimfiɗa, ruwa a kawo masa a shimfiɗa. Ana ganin wannan shi ne jinya ta gari.

To, kwanciya ba ta hana faɗuwa. Ita ce ma ke shirya ta. Naman jiki abu ne da ke rayuwa da aiki. In ba a mora shi ba, sai ya zube. A shekarar 2007 masana a Amurka sun gwada wannan. Sun sami tsofaffi lafiyayyu, suka kwantar da su a gado kwana 10. Da aka auna, naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo 1. Kwana 10 kawai, kuma lafiyayyu. Ina ga wanda ya yi watanni yana jinya, ba ya iya cin abinci sosai?

Tsoro ma yana da nasa aiki. Mutum ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, ko ya kusa. Sai ya tsorata, ya rage tafiya. Da ya rage tafiya, ƙafa ta ƙara rauni. Da ta ƙara rauni, ranar da dole ta sa ya tashi shi kaɗai, sai ya faɗi da gaske. Kuma ranar tana zuwa, don ba mai jinyar da ba ya barci.

Maganin wannan shi ne motsi, kullum, da kula. An tara sakamakon gwaje-gwaje fiye da 100 da aka yi wa tsofaffi a ƙasashe da yawa, aka buga a 2019. An ga motsa jiki yana rage faɗuwa da kusan kashi 1 cikin 4. Wanda ya fi amfani shi ne mai koya wa jiki tsayuwa da tashi. Ba ya bukatar kuɗi. Amma kafin a fara, a tambayi lokotoro, musamman in an ce ciwon ya taɓa ƙashi.

Ga yadda ake yi. A sami kujera mai ƙarfi, mai tsayi daidai gwiwa, a jingina ta da bango don kada ta zame. Ya zauna, ya tashi, ya zauna, ya tashi. Da farko yana dafa kujerar da hannu. In sau 3 ya iya, to 3 ɗin. Bayan kwanaki ya kai 5, ya kai 10. Safe da yamma. Wannan shi ke mai da naman cinya, kuma cinya ce ke ɗaga mutum daga zaune.

Bayan haka ya tsaya ya dafa bango. Ya ɗaga dugadugansa ya tsaya a kan yatsu, ya sauke. Ya haɗa ƙafafu wuri ɗaya ya ƙirga 10. In wannan ya yi sauƙi, ya sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, dunduniya na taɓa yatsu, ya ƙirga 10. Wani babba ya tsaya kusa da shi, ba yaro ba.

Sai tafiya. Yau daga ɗaki zuwa zaure. Gobe zuwa ƙofar gida. Wani mako zuwa inuwar da dattawa ke zama. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar. Ranar da hunturu ya taso da ƙura, ya yi tafiyarsa a cikin gida. Ma'auninsa ga shi: in yana tafiya yana iya magana, lafiya lau. In magana ta gagara, ya tsaya. In haki ya zo, kada ya yi gudun neman wurin zama. Ya tsaya inda yake, ya jingina da bango ko ya dafa sanda, ya ɗan sunkuya gaba. Ya ja iska ta hanci yana ƙirga 2, ya tsuke baki ya fitar a hankali yana ƙirga 4, kamar mai hura kunu mai zafi. Ciwon ƙirji ko jiri mai ƙarfi in ya zo, an gama na ranar, kuma a gaya wa lokotoro.

Nama ba ya komowa da motsi kaɗai, sai da abinci. Kunu da farau-farau ba su isa ba. Yana bukatar wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ƙwai, kifi, nama in an samu, fura da nono mai tsabta, cuku, zogale. In ba ya iya ci da yawa, a ba shi kaɗan kaɗan sau 5 ko 6 a yini. Taba kuwa, ban da ɓarnar da take yi wa huhu, tana rage ƙarfin ƙashi. Barinta yana da amfani ko bayan ciwo ya riga ya kama.

Akwai wani gwaji da ake yi a asibitoci wanda za ku iya yi a gida da agogon salula. Ku auna mita 3 daga kujera, wato wajen taki 4 na babban mutum, ku ja layi a ƙasa. Ya tashi daga kujera, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya komo ya zauna. In ya ɗauki sakan 12 ko fiye, yana cikin masu haɗarin faɗuwa. Ku maimaita kowane wata. Za ku ga ko gaba ake yi ko baya.

Tashi da dabara

Idan mutum ya miƙe, jini yakan gangara ƙafafu. Jikin mai lafiya nan take yake mai da shi sama. Jikin da ya sha jinya yana jinkiri, sai ƙwaƙwalwa ta rasa jini na ɗan lokaci, ido ya rufe. Don haka tashi daga kwance hawa uku ne. Ya fara zama a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, yana motsa su, ya ƙirga 30. Sannan ya miƙe yana dafe da wani abu, ya sake tsayawa kaɗan. Sannan ya taka. A likita ana iya auna jininsa yana kwance, a sake aunawa bayan ya tsaya. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, an gano ɗaya daga cikin dalilan jirin.

Rashin ruwa a jiki yana ƙara wannan. Kun san zafin bazara a ƙasarmu. Ya riƙa shan ruwa a kai a kai da rana, ba sai ya ji ƙishirwa ba. Maganar azumi a yi ta da lokotoro tun watan bai kama ba. Haka salla: sunkuyawa da ɗagowa da sauri suna kawo jiri, kuma malamai sun bayyana cewa marar lafiya yana iya yin ta a zaune. Alwala ma ya yi ta a zaune, ba a tsaye da ƙafa ɗaya ba.

Ku zagaya gidan da idon baƙo

Abin da ka saba gani kullum ba ka ganinsa. Ku tashi ku bi hanyar da yake bi, daga gado zuwa makewayi, kamar yau kuka fara shiga gidan. Ga bakin tabarma ya naɗe. Ga dokin ƙofa mai tsayi. Ga turken akuya da igiyarsa. Ga taɓarya a yashe, ga kwanoni, ga ramin da kaji suka tona, ga inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Mai lafiya yana tsallake su ba ya ko dubawa. Wanda ƙafarsa ba ta ji, kowannensu tarko ne. A kawar da su, a cike ramu, a zuba rairayi inda ke santsi, musamman da damina.

Tocila ta kwana kusa da hannunsa, cikin gidan sauro, ba a kan taga ba. Ya kunna ta kafin ya sauko da ƙafa, ya kuma yaye gidan sauron sosai don kada ya harɗe shi. Mafi kyau ma a aje masa abin fitsari kusa da gado, ya huta da ratsa tsakar gida da dare. Wasu dattawa suna jin nauyin wannan. A lallashe su. Gado mai tsayi daidai gwiwa ya fi masa shimfiɗar ƙasa, don tashi daga ƙasa aiki ne babba.

Makewayi shi ne wuri mafi wuya. Ana tsugunawa, ana daɗewa, ana miƙewa, ga ƙasa a jiƙe, ga ba kowa kusa. A kafa itace mai ƙarfi a gefen ramin, a binne gindinsa sosai, don ya riƙa kamawa. In tsuguno ya gagara, kafinta zai iya huda kujera a ɗora a kan ramin. Wanka a zaune. Kada ya kulle ƙofa ta ciki.

Silifa ba takalminsa ba ne yanzu. Yana bukatar takalmi mai kama dunduniya, marar santsi. Kada ya yi yawo ba takalmi, don ƙaya ko garwashi za su iya shiga bai ji ba. A riƙa duba masa tafin ƙafa kowace yamma. Babbar riga ko zane mai jan ƙasa, a ɗage shi.

Sanda ba abin kunya ba ce. Makiyayi ƙaƙƙarfa ma da sandarsa yake yawo. Tsayinta ya zo daidai wuyan hannu in mutum ya tsaya ya saki hannunsa. A sa mata roba a gindi. In ƙafa ɗaya ta fi rauni, a riƙe sandar a hannun ɗaya gefen. Ido ma a kai shi a duba, don yanar ido tana da yawa ga tsofaffi kuma ana cire ta.

Akwai ayyukan da zai bar wa wasu tukuna: jan ruwa a bakin rijiya, hawan tsani zuwa rumbu ko soro, tsayuwa a kan amalanke, tuƙa babur da ƙafar da ba ta jin birki. Sauran ayyuka na zaune da na tsakar gida kuwa, ku bar shi ya yi abinsa.

Wata faɗuwar saƙo ce

Duk abin da muka faɗa a baya rauni ne da ake iya gyarawa a gida. Amma sankarar huhu tana da hali: in ta komo, takan tafi ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Wani lokaci faɗuwa ce alama ta farko. Saboda haka akwai abubuwan da in kun gan su ba a jiran ranar kasuwa, ba a jiran ranar da aka rubuta masa ya koma.

Sabon ciwon baya mai tsanani, wanda ke ƙaruwa da dare ko in ya yi tari, tare da nauyin ƙafafu, ko fitsari ya riƙe, ko ya riƙa zuba bai sani ba. Wannan yana iya nuna ƙari ya danne lakar da ke cikin ƙashin baya. Awoyi ne ake ƙirgawa. In aka yi sauri ana iya ceton ƙafafun, in aka yi jinkiri mutum zai iya shanyewa. Haka ciwon kai da amai da safe, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya su yi rauni, ko baki ya karkace, ko magana ta harɗe, ko ya faɗi yana jijjiga, ko ya rikice bai san inda yake ba. Haka ciwon cinya ko kwatangwalo da ke ƙaruwa in ya taka. Ƙashin da ciwo ya ci yana iya karyewa da ƙaramin motsi. Wani ma ƙashin ne ke fara karyewa sannan ya faɗi.

Wannan ya kawo mu ga maɗori. Maɗoran gargajiya mutanenmu ne, an san su. Amma maɗori ba ya ganin cikin ƙashi. In ƙashin da sankara ta ci aka ja, aka murɗa, aka ɗaure, ɓarna za a ƙara. Wanda ya taɓa yin wannan ciwo, in ya karye, hoton asibiti ne farko.

In ya faɗi a gabanku, kada ku ruga ku fizge shi ta hammata. Ku bar shi ya huta inda yake, ku yi masa magana, ku tambayi inda ke ciwo. In ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta juya waje, ko wuya ko baya na ciwo, ko ya suma, kada a tsai da shi. A ɗauke shi a miƙe a kan abu mai ƙarfi, kamar ƙyaure, a kai shi likita. In kansa ya bugu, a kai shi a duba ko da ya ce ba komi, musamman in yana shan maganin tsinka jini ko bai daɗe da karɓar shimiyo ba. Jini yana iya tsiyaya cikin kai a hankali, alamar ta fito bayan kwanaki, har makonni.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ya tashi da kansa kuna taimaka masa. Ya mirgina ta gefe, ya tashi a kan hannuwa da gwiwoyi, ya rarrafa zuwa gado ko dakali. Ya dafa da hannu biyu, ya kafa ƙafar da ta fi ƙarfi a gaba, ya ɗaga jiki, ya juya ya zauna. Ya kamata ya koyi wannan tun bai faɗi ba, wani na tsaye kusa. In ana barinsa shi kaɗai a gida lokacin aikin gona, a rataya masa salula a wuya, kuma a sa maƙwabci ya riƙa leƙowa.

Da yawa suna ɓoye faɗuwa. Dattijo ba ya so a ce ƙarfinsa ya ƙare. Tsohuwa ba ta so ta ɗora wa ƴaƴa kuɗin mota. Lokotoro kuma mutane sun yi masa yawa, hankalinsa na kan hoton ƙirji, ba lalle ya tambaya ba. Ku ku fara faɗa masa. Abu uku yake bukatar ji: ko ya faɗi cikin shekarar nan, ko yana jin tangaɗi in ya tsaya ko yana tafiya, ko yana tsoron faɗuwa.

Ku sami ɗan littafi. Duk ranar da ya faɗi, ko ya kusa, ku rubuta kwanan wata, da lokaci, da wurin, da abin da yake yi, da abin da ya ji kafin nan: jiri ne, haki ne, ko tuntuɓe. Ranar komawa asibiti ku tafi da littafin. Ku zuba duk magungunan da yake sha cikin leda ɗaya, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya, ku aje su gaban lokotoro ya gani da idonsa.